Bokiti Biyu na Kawu

Ran Asabar da ta wuce, tun rana ba ta yi zafi ba, na fito da bokitaina biyu na ajiye kusa da mota kamar yadda na saba. Jikata, wadda ta zo hutu wurinmu, ta tsaya a bakin ƙofa tana dariya. Ta ce, "Kaka, kai dai ba ka son hutawa. Ga masu wankin mota can bakin titi da injinsu, kafin ka sha shayi sun gama. Ko kuwa kuɗin ne ba ka so ka fitar?" Na ce mata, "Amarya, zo ki riƙe mini gwangwanin nan in ba ki labari." Labarin da na ba ta shi ne zan ba ku yau, gama na san a cikin masu karatu akwai masu mota, akwai direbobi, akwai kuma waɗanda ke shiga motar wani kullum tare da 'ya'yansu.

A shekara ta 1977, ina da shekara goma sha uku, mahaifina ya aike ni wurin kawuna domin in ƙarasa makarantar firamare. Kawu direba ne a wani asibitin mishan cikin Jihar Bauci ta wancan lokaci, a yankin da ya koma Jihar Gombe a 1996. Motar da ke hannunsa Peugeot 504 ce, doguwar nan mai layin kujeru uku, irin wadda mutane ke kira Fijo. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, a 1975 kuma aka soma harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, saboda haka a kwanakin nan duk inda ka juya sai ka gan su. Ta asibitin fara ce. Aikinta kuwa shi ne ɗauko marasa lafiya daga ƙauyuka, da kwaso magani daga Jos, da kai mai naƙuda babban asibiti in abin ya fi ƙarfin na wurin. Yawancin hanyoyin da take bi ba su da kwalta. Duk da haka ba ka taɓa ganin motar nan ta kwana da datti.

Na isa can cikin hunturu. Kwana biyu da zuwana na tashi da sassafe na ga ƙura ta rufe motar, sai na ce bari in yi abin da zai faranta wa Kawu rai. Na ɗauki wani busasshen tsumma na hau goge bonet da iyakar ƙarfina. Ban ankara ba na ji an riƙe hannuna. Kawu bai yi faɗa ba. Ya jira har rana ta ɗan fito, ya ce in sunkuya in dubi bonet ɗin ta gefe. Ashe duk inda tsummana ya bi ya bar siraran zane-zane kamar saƙar gizo-gizo. Ya ce, "Ɗana, ka ga aikinka? Ƙura yashi ce. In ka goge ta a bushe, da yashi ka cuɗa motar."

Sai da na girma na yi karatu na gane iyakar gaskiyar maganarsa. Ƙurar hunturu daga Hamadar Sahara iska ke kwaso ta, da yawa daga cikinta kuma daga ƙwarin Bodele ne a arewacin Cadi, inda tsohon babban tafki ya ƙafe. Idan ta haɗu da ƙurar hanya, akwai 'yan ƙwayoyin yashi a ciki waɗanda suka fi fenti tauri, har sun fi gilashi tauri. Shi ya sa direban da ke kunna waifa a kan busasshen gilashi yakan ga gilashin ya yi zane kamar baka. Fentin mota kuwa, duk da ƙyallinsa, kaurinsa bai wuce na takarda ɗaya ko biyu ba. Shi kaɗai ne tsakanin ƙarfe da ruwa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka tsatsa take, sai fenti ya karce take samun ƙofa.

Daga ran nan Kawu ya ɗauke ni yaronsa na wanki. Kayan aikinsa ba su da yawa: bokiti biyu, gwangwani ɗaya, soso mai laushi, tsumma uku waɗanda kowanne da aikinsa, da wata 'yar fata mai taushi ta tsane ruwa. Ba ya wanki cikin rana, ba ya kuma wanki in jikin motar da zafi, domin ruwan sabulu yakan bushe kafin a ɗauraye, ya bar tabo. Da fari yakan ɗebi ruwa da gwangwani ya zuba a hankali daga rufi, ruwan ya gangaro da ƙurar ba tare da hannu ya taɓa ba. Sa'an nan a shiga wanki. Bokiti ɗaya na ruwan sabulu ne, ɗaya na ruwa zalla. In ka cuɗa wuri kaɗan, sai ka tsoma soson cikin ruwa zalla ka matse yashin ya kwanta a gindin bokiti, kana ka mai da shi cikin ruwan sabulu. Mai wanki da bokiti ɗaya, in ji Kawu, yana ɗebo yashin da ya cire yana mayarwa ne. Daga sama ake farawa a gangaro ƙasa, gama ƙasan mota ya fi datti. Tayoyi su ne na ƙarshe, tsummansu kuma ba ya taɓa hawa jikin mota. In soso ya faɗi ƙasa, ba ya komawa aiki sai an wanke shi sarai.

Garin sabulun wankin tufafi kuwa, Kawu ba ya yarda a kawo shi kusa da motar. An yi shi domin ya cinye maiƙo, saboda haka yakan cinye man folish da ke kare fenti, ya busar da robobin ƙofa da na gilashi. Motar da ake yi wa wanka da shi kullum, nan da nan za ka ga launinta ya koɗe. Shi kansa folish ɗin, sau biyu ko uku a shekara Kawu ke shafawa, a inuwa, kafin damina da kuma kafin hunturu. Hanyar da yake gane lokaci ya yi ita ce ya zuba ruwa a bonet. In ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, da sauran mai. In ya baje ya kwanta, man ya ƙare.

Akwai wata babbar darbejiya a bakin asibitin, kowa yana son ajiye abin hawansa a ƙarƙashinta. Kawu yakan tsaya nan da rana na ɗan lokaci, amma ba ya barin motar ta kwana a wurin. Kashin tsuntsu da na jemage suna da guba mai cin fenti, in rana ta gasa su a kai sai su bar tabon da wanki ba ya fitarwa. In ya ga kashin tsuntsu, yakan jiƙa tsumma ya ɗora a kai har ya yi laushi, sa'an nan ya ɗauke. Ba ya kankarewa.

Aikin da na fi ƙi shi ne na damina. In motar ta dawo daga ƙauye, Kawu zai sa in durƙusa in zura hannu bayan kowace taya in ciro lakar da ta manne. Wani lokaci har in kwanta a kan buhu in leƙa ƙarƙashi. Nakan ce a raina, wa zai ga wurin nan? Amma laka tana riƙe danshi kamar soso. Saman ta yakan bushe, cikinta kuwa yana nan jiƙe a jikin ƙarfe mako da mako. A ƙasan kowace ƙofa kuma akwai 'yan ramuka da aka yi domin ruwan da ya shiga ta gefen gilashi ya fita. In laka ta toshe su, ƙofar takan riƙe ruwa ta ruɓe daga ciki. Da tsinken tsintsiya Kawu ke buɗe su.

Cikin motar kuma wani aiki ne dabam. Ka tuna marasa lafiya take ɗauka. Wata rana jini, wata rana amai. Kawu yakan sa safar hannu ya wanke da ruwan maganin da ake ba shi a asibiti, jini kuwa da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yakan dafa shi ya kama yadi. Kowace Asabar mukan fitar da tabarmin roba duka, mu kakkaɓe, mu wanke, mu shanya, mu bar ƙofofi a buɗe har ƙasan motar ya bushe ƙayau kafin a mayar. Ba a cin abinci a bar ɓurɓushi, gama ɓurɓushi ke kiran ɓera da kyankyaso, ɓera kuwa in ya shiga yakan ci wayoyin lantarki. Gilashi ana goge shi ciki da waje, na ciki da ruwa zalla da tsohuwar jarida. Mutane da yawa ba su kula da na ciki ba, alhali shi ne ke yin dusu-dusu ya watsa hasken fitilar motar da ke zuwa da dare har direba ya kasa ganin mai keke a gefen hanya. Doka ta ƙarshe kuwa, wadda ya fi tsananta wa, ita ce kada a bar kome a ƙarƙashin kujerar direba. Kwalba ɗaya in ta gangaro ta shige bayan birki, ƙafa ba ta iya taka shi.

Wata rana na gaji na tambaye shi, na ce, "Kawu, motar nan fa ba taku ba ce. Me ya sa kuke wahala haka?" Ya ce, "Da tawa ce da na huta wani lokaci. Amana ce." Ya yi shiru kaɗan, ya ci gaba da cuɗa taya, sa'an nan ya ce, "Kai kana tsammani wanka nake mata. Duba ta nake yi. Abin da ido ya tsallake, hannu ba ya tsallakewa." Na kuwa ga haka da idona. A wurin wanki ne ya taɓa samun ƙusa a taya tun iska ba ta fita ba. A wurin wanki ne yake gane noti ya kwance, ko fitila ta tsage, ko taya tana cinyewa ta gefe ɗaya. Kafin ya jiƙa ƙasa ma yakan leƙa inda motar ta kwana ya ga ko wani abu ya ɗiga. Ya koya mini bambancinsu: baƙin mai baƙi ne mai kauri, ruwan lagireto ruwa ne, man birki kuwa ba shi da duhu sosai, yana da santsi a yatsa.

Shekaru suka wuce. Na zama malamin makaranta, na yi aure, muka zauna a Jos. Na yi ta tari har na sayi tawa 504 ɗin, ta hannu, ƙarama mai ƙofa huɗu. Shekara biyu na fari na riƙe ta yadda Kawu ya koya mini, har maƙwabta suna yi mini ba'a wai na yi wa uwargida kishiya. Amma da aka ba ni hedimasta sai wani abu ya shiga kaina. Na soma jin cewa bai kamata a ga mutum kamata durƙushe a gindin taya ba. Sai na riƙa sa 'yan makaranta su wanke ta lokacin tara, tsakar rana, da bokiti ɗaya da garin sabulu. Wannan laifi biyu ne, gama iyayensu karatu suka aiko su yi. Yaran ba su da laifi, abin da ido ke gani suke wankewa, su goge ta tana walƙiya. Ni kuwa in fito in shiga in tafi. 'Ya'yana suna cin gyaɗa da rake a kujerar baya ban hana ba. Da motar ta fara wani wari kamar na ɗakin da ya sha ruwa, sai na sayi turaren mota na rataya a madubi. Shekara uku ban ɗaga tabarmar ƙasa ba, ban kuma leƙa bayan taya ba.

A watan Disamba na 1999 Kawu ya zo Jos domin a duba idonsa. Ya tsufa, ya daɗe da ajiye tuƙi, yana kuma ta rufe masa ido har ba ya gane mutum sai ya ji murya. Zuwansa ya yi daidai da bikin ƙanwar matata a Akwanga. Mahaifiyarsu ta rasu, saboda haka matata ce za ta tsaya a matsayin uwar amarya. Ƙarfe goma na safiyar Asabar za a ɗaura auren a coci. Muka shirya mu tashi ƙarfe shida, ni da ita da 'ya'yanmu uku da Kawu, ga but cike da kwanuka da kayan biki. Wanda ya san hanyar nan ya san cewa Jos tana bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200, mai zuwa Akwanga kuwa tilas ya sauka ta Hawan Kibo, gangaren nan mai kwana-kwana wanda direbobi ke tsoro.

Da asuba, cikin sanyin Jos, na ji Kawu yana ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina. Ya ce, "Malam, kawo bokiti biyu." Na ce, "Kawu, jiya yara suka wanke ta, tana nan fes." Ya ce, "Yara suka wanke. Kai ka duba?" Na rasa amsa. Na kawo ruwan ina gunaguni a ciki, ina duban agogo, ina kuma addu'a kada maƙwabta su fito su ga hedimasta da tsoho makaho suna wankin mota da duhu.

Bai ma taɓa jikin motar ba. Ya dafa ta ya zagaya har ya kai tayar baya ta hagu, ya durƙusa da ƙyar, ya zura hannu ciki. Ya ɓamɓaro wani curin laka busasshe wanda ya kwana nan tun damina, ko tun daminar bara ma. Ya sake zura hannu. Da ya fito da shi sai ya murza yatsunsa, ya kai hanci. Ya ce, "Zo ka taɓa." Na taɓa na ji santsi. Na haska tocila na ga cikin tayar ya jiƙe. Na buɗe bonet na dubi ɗan kofin man birki, ashe ya sauka ƙasa da layi.

Ina jin kunyar abin da na faɗa bayan wannan, amma zan faɗa. Na ce, "Ai ɗiga ce kaɗan. Bari in sayi man birki in cika, mu riƙe gwangwani ɗaya a mota, in mun dawo a gyara." Matata tana tsaye da ɗankwalinta na biki, ita ma ta ce, "Kawu, ku yi haƙuri, in muka makara da wane ido zan dubi dangi?" Kawu ya miƙe ya share hannunsa. Ya ce, "Motarka ce, Malam. Amma ni ba zan shiga ba, jikokina ma ba za su shiga ba." Ya koma ya zauna a kan benci.

Na tafi na taso wani makaniki daga barci, na yi wa matata alkawari cewa kafin ƙarfe bakwai an gama. Makanikin ya ɗaga motar ya cire tayar. Ya nuna mini siririn bututun ƙarfen da ke kai man birki baya. Daidai inda lakar ta manne, tsatsa ta cinye shi har yana ɓarewa da farce. Ya ce wa yaronsa ya shiga ya taka birki da ƙarfi. Yaron ya taka sau ɗaya, sau biyu. A na uku sai bututun ya fashe, mai ya yi tsartuwa har kan rigar makanikin, birkin kuwa ya nutse. Ya dube ni ya ce, "Malam, cikin gari a hankali kake takawa, shi ya sa ya kai ka yau. Irin wannan takun a Hawan Kibo za ka yi shi, da mutum shida da kaya."

Ba a sami sabon bututu ba sai bayan azahar. Matata ta jira har ƙarfe takwas saboda alkawarina, sa'an nan ta ɗauki abin da za ta iya ɗauka ta tafi tasha. Lokacin Kirsimeti ne, tasha cike da mutane. Kafin ta isa Akwanga an riga an ɗaura aure an fito, wata ce ta tsaya a madadinta. Ƙanwarta ta yi kuka, dangi suka yi magana, maganar kuma ba ta mutu da wuri ba. Ni na jawo mata wannan. Da ta dawo ba ta yi mini faɗa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, a gangaren nan ta rufe idonta har suka sauka, tana tunanin yaran.

Tun da motar tana hannun makaniki, Kawu ya ce in ɗaga tabarmin ƙasa. Na ɗaga. Abin da ke ƙarƙashi ya jiƙe sharkaf, ya yi baƙi. Robar gilashin gaba ta bushe ta tsage, ruwan sama yana bi ta nan yana taruwa a ƙasa, ni kuwa ina rataya turare. A gefen direba ƙarfen ya ruɓe har babban yatsana ya wuce, ina ganin ƙasa ta ramin. Makanikin ya ce irin wannan rami yakan shigo da hayaƙin salansa cikin mota, hayaƙin nan kuwa yana da guba marar wari mai sa ciwon kai da barci. Na tuna yadda yarana ke kukan ciwon kai a doguwar tafiya ina cewa rana ce. Da muka ɗaga kujerar baya muka tarar da sheƙar ɓera cike da ɓawon gyaɗa, ga wata waya an ci rabinta. Kuɗin da na biya mai walda da mai lantarki ya cinye kusan albashina na wata guda. Motar da ke walƙiya a fili, ashe kyan ɗan maciji ne.

Na yi tsammani Kawu zai yi mini doguwar magana. Bai yi ba. Da yamma muna zaune ya ce, "An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma sai in yana ɗaga kai ya duba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bayan 'yan shekaru ya rasu.

Yanzu na yi ritaya, 504 ɗin ta daɗe da barin hannuna, ita ma an daina harhaɗa ta. Motocin yau sun bambanta da na dā. A saman fentinsu akwai wani shafi marar launi wanda yake ba da ƙyalli, shi ma siriri ne, yashi yana karce shi kamar yadda yake karce na dā. Akwai sabulun da aka yi musamman domin mota, akwai kuma tawul mai laushi wanda ya fi soso da fatar Kawu kyau, duka ana samunsu a kasuwa. Ban ce kada a kai mota wurin masu wanki ba. Sana'a ce mai kyau, tana ciyar da matasa da yawa, ni kaina nakan kai tawa bayan damina domin injinsu ya fi hannuna iya fitar da lakar ƙarƙashi. Sai dai nakan tsaya a wurin. Ba na bari a harba ruwa mai ƙarfi cikin injin, gama motocin yanzu cike suke da wayoyi da na'urori waɗanda ruwa ke lalatawa. Ba na kuma bari a shafa man ƙyalli a sitiyari ko a inda ƙafa ke takawa, domin yana sa santsi.

Amma ran Asabar tawa ce. Kafin in zuba ruwa nakan leƙa ƙasa in ga ko wani abu ya ɗiga. Ina wanke taya ina shafa gefenta ko ta tsage ko ta kumbura. A jikin kowace taya da aka yi daga shekara ta 2000 akwai lamba huɗu da ke nuna makon da shekarar da aka yi ta: 2319, alal misali, mako na 23 ke nan na 2019. Taya takan tsufa ko da zanenta bai cinye ba, balle a ƙasa mai rana irin tamu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yi wa direbobi gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, amma ba za ta zo gidanka ta durƙusa ta karanta maka lambar ba. Nakan ɗaga tabarmi in taɓa ƙarƙashi in ji ko da danshi. In zan ajiye mota a rana nakan sa kwali a gilashin gaba, domin rana tana fasa robar gaban direba. Zafin da ke fasa roba kuwa, ku tuna, ya fi ƙarfin jikin yaro. Kada a bar yaro cikin rufaffiyar mota ko da na minti biyar ne, ko da an ɗan sauke gilashi. Duk aikin nan bai wuce sa'a ɗaya ba, ruwan da yake ci kuma mai garuwa zai kawo maka shi a tafiya ɗaya.

Ga 'yan'uwana waɗanda ke tuƙa motar da ba tasu ba, ta ofis ko ta haya ko ta ikkilisiya, ina roƙonku kada ku ce ai mai ita zai gyara. Ku ne kuke ciki, da 'ya'yan mutane a bayanku. Ga waɗanda kuma Allah ya ɗaukaka har suna ganin durƙusawa a gindin taya ƙasƙanci ne, ni na riga ku gwada wannan girman, kun kuwa ji inda ya kusa kai ni.

Sa'ad da na gama labarin, jikata ba ta ƙara dariya ba. Ta ce in ba ta aikin ciki. Ta fitar da tabarmi ta kakkaɓe, ta share kujeru, sa'an nan ta kwanta ta zura hannu ƙarƙashin kujerata. Sai ga ta ta fito da robar ruwan sha wadda ba kome ciki. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Kaka, tawa ce. Tun ran da ka ɗauko ni daga tasha." Na ce, "To, amarya, yau kin ci albashinki. Asabar mai zuwa bokitin ruwa zalla naki ne."

Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.